Shin maganar hannu cikakken harshe ce, ko nuni ne kawai?

Baban Asma'u, Mabera

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta hanyar karatu ko ta hanyar zama da shi a cikin gida. Ɗiyata Asma'u ta kamu da sanƙarau tana da wata 14, a tsakiyar zafin bazara. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da jinta, kuma an auna ta sau biyu a asibiti aka tabbatar mana cewa kunnuwan biyu duk sun taɓu ƙwarai. Yanzu tana cikin shekararta ta 4, kuma 'yan kalmomin da ta fara kamawa kafin ciwon sun daɗe da ɓacewa.

A gida mun ƙirƙiri wasu alamu da muke fahimtar juna da su. Idan ta shafi haɓa ni take nufi, saboda gemuna. Idan ta zagaya hannu a kai mahaifiyarta take nufi, saboda ɗankwali. Akwai ta ruwa, akwai ta fura, akwai ta barci. Na zauna na ƙirga su, ba su kai 50 ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, ranar Talatar da ta wuce ta shigo daga gidan maƙwabta tana kuka, ta yi kusan rabin awa tana nuna mana yaro, tana nuna takalmi, tana nuna rijiya, amma har ta gaji ta yi barci ba mu gane ko ita aka ƙwace wa takalmin ba, ko ita ce ta jefa na wani, ko kuwa tsoro take ji kada a jefa.

Shawarwari sun yi mini yawa. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce mu daina biye mata da hannu, domin idan ta samu sauƙin hannu harshenta ba zai taɓa tashi ba. Wani abokin aikina ya ce abin da ake koya wa kurame a makaranta Turanci ne aka mayar da shi yatsu, kuma iri ɗaya ne a duk duniya. Ƙanena kuma ya ce kwaikwayo ne kawai, ana iya nuna mota ko shayi, amma babu yadda za a nuna amana, ko jibi, ko "da a ce". Tambayata ita ce, shin maganar hannu harshe ce kamar Hausa da Larabci, wadda mutum zai yi tunani da ita, ya yi gardama, ya koyi addininsa? Idan kuwa haka ne, wace ce ya kamata mu nema wa yarinyar?

Malama Inno, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, Baban Asma'u. Allah ya raya ta, ya albarkaci rayuwarta. Kimiyyar harshe nake koyarwa, kuma ƙanwata da muke ɗaki ɗaya kurma ce, saboda haka zan amsa maka da abin da na karanta da kuma abin da na gani a tsakar gidanmu.

Da farko sai a raba abubuwa biyu da mutane ke gwamawa. Bahaushe mai ji yana da ishara da yawa: yana jinjina wa basarake, yana zunɗe da baki, yaro yana maƙe kafaɗa idan ya ƙi abu, akwai tagumi, akwai daƙuwa. Kowace ɗaya daga cikinsu dunƙulalliya ce, ba ta rarrabuwa, kuma ba a jera su a gina jimla. Alamun da kuka ƙirƙira a gida sun ɗara waɗannan, amma har yanzu jerin sunaye ne da babu abin da ya ɗaure su, shi ya sa Asma'u ta iya nuna muku yaro da takalmi da rijiya ta kasa gaya muku wane ne ya yi wa wani me. Ba hankali ne ya gaza mata ba, nahawu ne babu a hannunta. Maganar hannun da kurame ke yi a tsakaninsu kuwa tana da shi.

Wanda ya fara tabbatar da haka a rubuce shi ne William Stokoe, malamin Turanci a Kwalejin Gallaudet ta kurame da ke Washinton, a shekarar 1960. Ya lura cewa kamar yadda kalmar baki ke ginuwa daga baƙaƙe da wasula waɗanda su kaɗai ba su da ma'ana, haka kowace kalmar hannu ke ginuwa daga ƙananan sassa: siffar da hannu ya ɗauka, da wurin da aka ajiye shi, da irin motsin da ya yi. Daga baya masana suka ƙara da inda tafin hannu ya fuskanta. Idan aka sauya sashe ɗaya kalma ta sauya, kamar yadda "bari" ke zama "mari" ko "kara" ta zama "ƙara". A maganar hannun Amurka, idan ka buɗe yatsu biyar ka taɓa goshi da babban yatsa ka ce uba, idan ka sauko da hannun nan yadda yake zuwa haɓa ka ce uwa. Har da kurakuransu irin namu ne, domin kurma kan yi tuntuɓen hannu ya ɗauki siffar kalma ta gaba ya sa a ta baya, kamar yadda mu kan yi tuntuɓen harshe.

Nahawun kuwa ba a hannu kaɗai yake ba, kuma nan ne masu ji suka fi ruɗewa. Idan ka ga kurma yana ɗaga gira ko yana haɗe ta, sai ka ɗauka mamaki ne ko fushi, alhali sau da yawa aikin da "shin" ko "me ya sa" ke yi a Hausa shi fuskar take yi. A maganar hannun Amurka ɗaga gira na mayar da jimla tambayar da amsarta i ko a'a ce, haɗe gira na tafiya da tambayar wa, me, ina, yaushe, girgiza kai kuma tare da aikatau, wato kalmar aiki, na kore shi kamar "ba … ba" ɗinmu. Wanda ya koyi kalmomin hannu ya bar fuskarsa a sandare daidai yake da baƙon da ya haddace Hausa ba tare da karin sauti ba, wanda ba a sanin ko kukan yaro yake nufi ko kukar miya.

Sai kuma sararin da ke gaban mai magana, wanda shi ne amsar matsalar takalmin. Mai maganar hannu zai ambaci yaron ya ajiye shi a damansa, ya ambaci Asma'u ya ajiye ta a hagunsa, kuma daga nan har ƙarshen labarin duk nuni zuwa dama "shi" ne, nuni zuwa hagu "ita" ce. Aikatau irin su bayarwa da karɓa da tambaya sukan tashi daga wurin wani su sauka a wurin wani, saboda haka alkiblar motsin ita ke faɗin mai aikatawa da wanda aka yi wa. Hausa na iya barinka cikin shakka idan aka ce "ya ce masa ya ba shi", amma a sarari kowa yana wurinsa. Maimaita motsi kuma yana nuna aikin da aka yi ta yi, kamar bambancin "buga" da "bubbuga". Lokaci ma yana da wurinsa: a harsunan hannu da yawa abin da ya wuce yana bayan kafaɗa, mai zuwa yana gaba, don haka ka gaya wa ƙanenka jibi ba ta gagari kowa ba. Ursula Bellugi da Susan Fischer sun auna a 1972 suka ga cewa kalmomin hannu sun fi na baki jinkirin fita, kusan ninki biyu, amma saƙon yana isa a lokaci ɗaya, domin hannu biyu da fuska da jiki suna aiki tare, baki kuwa dole ya jera sauti ɗaya bayan ɗaya.

Abokin aikinka ya yi kuskure a wuri biyu. Harsunan hannu a duniya sun haura 300. Amurka da Ingila duk Turanci suke yi da baki, amma kuramensu ba sa fahimtar juna, har haruffan ma Ingila da hannu biyu take yin su, Amurka da hannu ɗaya. Na Amurka ya fi kusa da na Faransa, saboda wani malami kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, shi ne ya tafi can tare da Thomas Gallaudet suka buɗe makarantar kurame a Hartford a 1817. Da Turanci ne aka mayar yatsu, da ba haka tarihin zai kasance ba.

Ɗan Wurno

Malama, Allah ya ƙara sani. Amma ina da ja a kan wannan magana, kuma ba don raini ba. Ni ina hulɗa da wani bebe mai dako a kasuwar Kara shekara da shekaru, ban taɓa zama na koyi komai ba, amma muna ciniki muna gaisawa har da barkwanci. Idan harshe ne kamar Zabarmanci ko Fulatanci, ta yaya zan fahimce shi ba tare da koyo ba? Na biyu, yawancin alamun hoton abin ne kawai ake zanawa a iska. Na uku, ban taɓa ganin littafin da aka rubuta da shi ba. Kuma na ji an ce su kansu Turawan da ake kafa hujja da su sun taɓa hana shi a makarantunsu, to ai ba za su hana ba sai da dalili.

Tela Kurma, Gidan Igwai

Assalamu alaikum. Ni kurma ne. Jina ya tafi ina da shekara 9 bayan zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa Hausa ta zauna mini har nake rubuta ta. Matata kuwa da kurumta aka haife ta, kuma a gidanmu da hannu ake komai, daga lissafin cefane har faɗan miji da mata.

Ɗan'uwa Ɗan Wurno, abin da kake yi da mai dakon nan gaskiya ne, amma shi ne yake sauko maka. Idan muna magana da mai ji sai mu rage gudu, mu zaɓi alamun da kowane Bahaushe ya sani, mu zubar da nahawun, kamar yadda kake yi wa baƙon da ya sauka a tasha ba ya jin Hausa. Ka zo majalisarmu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka zauna ka kalla. Za ka ga ana gardamar siyasa, ana lissafin rabon gado, ana tsegumin wanda ya ci amanar adashi, kuma na yi maka alkawari ba za ka tsinci ɗaya cikin goma ba. Ina yaba wa Hausawa a kan abu ɗaya, ba sa jin kunyar ɗaga hannu su yi magana da kurma a kasuwa, amma wannan sauƙin ne ya sa suke zaton abin da suka gani shi ke nan.

Baban Asma'u, ka tambayi wace ce za ku nema, to abubuwa uku ne a ƙasar nan ake kira da suna ɗaya. Akwai maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda wasu ke cewa maganar bebaye. Ba a makaranta aka ƙirƙire ta ba, kurame ne suka gada daga kurame a kasuwanni da majalisu, kuma ta ɗebi abubuwa da yawa daga isharar Hausawa masu ji. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarce ta, littafinta ya fito a shekarar 2000. Tana da bambanci daga gari zuwa gari, kamar yadda mu nan Sakkwato muke cewa "mi" da "hwari" Bakano yana cewa "me" da "fari". Akwai kuma wadda ake yi a makarantu, wadda asalinta ta Amurka ce. Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan mishan daga Amurka, shi ya kawo ta. Ya fara da Gana a 1957, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, kuma kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashen Afirka. Ta daɗe a nan har ta sauya, ta samu kalmominta na gida. Na ukun shi ne abin da wasu malamai masu ji ke yi a aji, su riƙa magana da Turanci suna jera alama a ƙarƙashin kowace kalma. Wannan shi abokin aikinka ya gani. Yana da amfaninsa wajen koyar da rubutun Turanci, amma babu kurman da ke hira da shi idan malami ya fita, domin yana da nauyi kamar a ce ka yi Hausa da tsarin jimlar Larabci.

Ra'ayina, kuma na san wasu 'yan'uwana da suka yi karatu mai zurfi ba za su yarda ba, shi ne kada ku raina ta gida. Wasu matasanmu suna ganin maganar hannun Hausa ta marasa karatu ce, kamar yadda wasu 'yan boko suka taɓa ganin Hausar kanta. Ta makaranta za ta buɗe wa Asma'u karatu da hulɗa da kuramen Legas da Jos, ta gida kuma ita ce za ta yi da kakarta da mai kayan miya. Yara suna ɗaukar biyun ba tare da wahala ba, 'ya'yana ma da suke ji da kunnensu suna yin su duka.

Game da maganar Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, ina roƙonta ta gwada abu ɗaya. Ta tsaya gaban madubi ta ce "baba", ta ce "mama", ba tare da murya ba, ta ga ko akwai bambanci. Ka, ƙa da ga duk a can cikin baki suke, ido ba ya ganinsu, karin sauti kuwa ko alamarsa babu a leɓe. Ni da na taɓa ji ina cike giɓin da abin da na sani, amma yarinyar da ba ta riƙe Hausa ba da me za ta cike? A makarantar da na fara shiga akwai malamin da ke sa mu zauna a kan hannuwanmu don mu yi magana da baki. Abin da muka koya a wurinsa a shekara bai kai abin da muka koya daga manyan ɗalibai a ɗakin kwana a mako guda ba.

Sannan ina roƙo a riƙa cewa kurma, ba bebe ba. Da yawanmu muryarmu lafiya lau take, kunne ne ba ya ji.

Malama Inno, Runjin Sambo

Malam Tela ya ɗauke mini rabin aikin. Saura maganar hoto da rubutu da hani, Malam Ɗan Wurno.

Gaskiya ne kalmomin hannu da yawa suna kama da abin da suke nufi, domin ido ya fi kunne sauƙin kwaikwayo. Amma Hausa ma tana da irin wannan, muna cewa ya faɗa ruwa tsundum, ƙofa ta rufe garam, kuma ba wanda ya ce Hausa ta daina zama harshe. Abin lura shi ne kowane harshe da ɓangaren da ya zaɓa. Bishiya a maganar hannun Amurka hannu ne a tsaye daga gwiwa, yatsu a baje. A ta Denmak ana zana kewayen rassan da gangar jikin. A ta Sin ana kama kututturen da hannu biyu a yi sama. Duk suna kama da bishiya bayan an gaya maka, amma dole ka koyi wadda mutanen wurin suka amince da ita. Rubutu kuwa riga ce da ake sa wa harshe daga baya. Hausa cikakkiya ce tun kafin a rubuta ta da ajami, kuma harsuna da yawa a Nijeriya har yau ba su da littafi ko ɗaya. Yanzu ma wayar hannu mai bidiyo ta zame wa kurame takarda.

Hanin da ka ji labari ya faru. A taron malaman kurame da aka yi a Milan ta Italiya a 1880, wanda kusan duk mahalartansa masu ji ne, aka zartar cewa koyarwa da baki ta fi, aka kori hannu daga azuzuwa a ƙasashe da yawa, malamai kurame suka rasa aikinsu. Dalilinsu shi ne irin tsoron da Inna take ji. A 2010 wannan taro da kansa, a zamansa na Bankuba ta Kanada, ya fito ya yi nadamar matakin. Tsakanin 1880 da 2010 an gano abubuwan da mutanen Milan ba su sani ba. Bellugi da abokan aikinta sun nazarci kuramen da suka samu shanyewar ɓarin jiki, suka ga cewa wanda ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa maganar hannunsa ce ke rikicewa, kamar yadda maganar baki ke rikice wa mai ji, ko da yana iya amfani da hannun wajen wasu ayyukan. Wato ƙwaƙwalwa a ma'ajiyar harshe ta ajiye ta. A 1991 kuma Laura Petitto ta nuna cewa jariran kurame da iyayensu ke maganar hannu suna gwaranci da yatsu, suna maimaita ƙananan motsi, a daidai watannin da sauran jarirai ke "ba-ba-ba".

Labarin da na fi so ɗalibaina su riƙe shi ne na Nikaraguwa. Kafin 1977 kuramen ƙasar a warwatse suke, kowane yaro da 'yan alamun gidansu, kamar Asma'u a yau. Da aka tara su a makaranta a Managuwa don a koya musu Sifaniyanci da karatun leɓe, darasin bai yi nisa ba, amma a filin wasa da cikin motar makaranta yaran suka haɗa alamunsu. Waɗanda suka shigo bayansu suna ƙanana su ne suka ɗaure abin da nahawu, har ya zama sabon harshe da masana suka shaida haihuwarsa da idonsu. An ga kwatankwacin haka a ƙauyukan da kurumta ta yi yawa, kamar Adamorobe a Gana, inda masu ji ma suke yin maganar hannun garin.

Baban Asma'u, abin da ya kamata ya dame ka shi ne lokaci. Shekarun farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe, kuma bincike ya nuna kuramen da ba su samu kowane harshe ba sai da suka girma suna shan wahalar nahawu har tsufansu, kuma karatun rubutu ma yana ba su wuya. Maganar hannu ba ta hana maganar baki ga yaron da yake da sauran ji ko aka sa masa na'ura. Yaron da ya riga ya san cewa kowane abu yana da suna ya fi saurin kama na biyu. Ku ci gaba da bin likita, amma kada ku jira shi. A nan Sakkwato akwai makarantar A.A. Raji ta yara masu buƙata ta musamman, ka je ka tambayi shekarun ɗauka, kafin nan kuma ku nemi manyan kurame ta riƙa zama a cikinsu, ku ma ku koya.

Almajiri, Kanwuri

Ina so in taɓa ɓangaren addini, tunda mai tambaya ya ambace shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa magana ba a baki kaɗai take ba. Ƙa'ida ce sananniya a wurinsu cewa isharar wanda ba ya magana, idan an saba da ita ana fahimtarta, tana tsayawa a matsayin furuci, saboda haka cinikinsa da aurensa da sakinsa duk suna ƙulluwa da ita, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya har shaidarsa ana karɓa idan an gane abin da yake nufi. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka ce ba zai yi wa mutane magana ba kwana uku sai da ishara. Da ishara ba ta ɗaukar niyya da sharaɗi da yarda, da ba a rataya mata igiyar aure ba.

Inda muka gaza shi ne wajen isarwa. Kurma yana zuwa Juma'a ya zauna daga farkon huɗuba har ƙarshenta bai san abin da aka ce ba, kuma islamiyyun da ke da malamin da ya iya hannu ƙalilan ne. Idan wani a cikin masu karanta wannan yana cikin kwamitin masallaci, tafinta guda a gefen sahu ba zai fi ƙarfin asusun ba.

Tela Kurma, Gidan Igwai

Allah ya gafarta Malam, haka yake, kuma a asibiti abin ya fi ciwo, domin matata ta taɓa zuwa awon ciki dole sai da ɗanmu mai shekara 10 ya yi mata tafinta a kan abin da bai kamata yaro ya ji ba. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 tana nan, aiwatarwa ce take tafiyar hawainiya. Yuganda ta ambaci maganar hannu a tsarin mulkinta tun 1995, Afirka ta Kudu kuma ta mayar da tata harshen hukuma na 12 a 2023. Baban Asma'u, na aika maka saƙo ta akwatinka, matata ta ce ku kawo yarinyar.

Baban Asma'u, Mabera

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru mako uku ne don in samu abin da zan faɗa. Mun je gidan Malam Tela sau biyar, ni da mahaifiyar yarinyar. Ranar farko Asma'u ta maƙale a jikin uwarta tana kallon hannuwan mutanen gidan kamar za ta cinye su da ido, a zuwa na biyu kuwa sai da muka ɗauko ta da kuka. Uwargidan Malam Tela ta raɗa mata suna na hannu, yatsa a kumatun dama inda take da ɗan tabo, kuma yanzu idan ta shigo ɗaki sai ta yi sunanta, ta nuna kowa tana jira a yi nasa. Shekaranjiya da na fita sallar asuba na dawo, ta tare ni a zaure ta yi alamar da aka koya mata ta tambayar wuri, fuskarta na tambaya tare da hannun, kuma wannan ce tambaya ta farko da ta taɓa yi mini wadda na gane ba tare da kame-kame ba.

Inna ba ta sauka daga ra'ayinta gaba ɗaya ba, ta ce a riƙa yi mata magana da baki tare da hannun, muka ce mun yarda. Amma ta gwada madubin, kuma jiya na same ta tana tambayar uwar yarinyar yadda ake cewa "kaka".

Maganar takalmin har yau ba mu warware ta ba, mun dai sayi wani. Malam Tela, ni ne na zama koma-baya a gidan, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, kuma na sake rikita gobe da jibi. Idan babu damuwa zan biyo ta shago ranar Asabar bayan la'asar ka sake nuna mini.